Jar Takarda Ba Ita Ce Sin Ba: A Kan Wasan Yara da Bukukuwan Sinawa

Kowace shekara, tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, sabuwar shekarar Sinawa takan kama. A daidai wannan lokaci makarantun renon yara da yawa na Faransa da Ingila da Amurka da Kanada sukan ware kusurwa ɗaya ta aji su mayar da ita ƙasar Sin. A rataya fitilun jar takarda, a jera kwanonin roba da tsinkayen cin abinci, a ɗora wa yara hulunan kwali masu tsini. Wani yaro ya zama mai gidan abinci, wani ya zama baƙo, malama ta ɗauki hoto ta aika wa iyaye. Bayan mako ɗaya a kwashe kayan a zuba cikin kwali, sai baɗi in ana raye. Dabarun shirya irin wannan kusurwa sun cika littattafan jagoran malamai da shafukan intanet, har ta kai duk malamin Yamai ko Maraɗi ko Tawa da ya nemi hanyar nuna wa ɗalibansa duniya, su ne farkon abin da zai ci karo da shi.

Mutane sun rabu biyu a kan wannan al'amari. Wasu na ganin an yi aikin kirki tun da yara sun yi dariya kuma sun ji sunan wata ƙasa. Wasu kuwa na cewa a rufe ƙofar gaba ɗaya, domin yaron da bai gama sanin al'adar gidansu ba ba shi da gami da bikin mutanen da ke can bangon duniya. Duka biyun sun kauce, kuma wuri ɗaya suka kauce: sun raina wasa. Na farko sun ɗauke shi kwalliyar aji, na biyu sun ɗauke shi ɓata lokaci ko ƙofar ɓata tarbiyya. Alhali kuwa wasan kwaikwayo na yara makaranta ce mai ƙarfi, kuma saboda ƙarfin nan nata ne ya wajaba a duba abin da ake zuba mata.

Wasa makaranta ce

Babu wanda ya girma a ƙasar Hausa da zai buƙaci a kawo masa hujja daga nesa. Yarinya ƴar shekara huɗu takan goya ƴar tsana, ta kafa duwatsu uku, ta tuƙa tuwon ƙasa, ta raba, kuma ba za ta manta ta fara ɗiba wa maigida ba. Yaro yakan hau dokin kara ya yi jinjina, ya kuma san wanda ake yi wa ita. A watan azumi, daga goma ga wata, masu tashe sukan ɗauki siffar tsoho da gwauro da malami su bi gida-gida, suna faɗa wa manya gaskiyar da ba a faɗa a zaure. A Damagaram wasan kara ya daɗe yana sanya matasa su kwaikwayi sarki da hakimi da jami'an hukuma da kayan da aka ƙera da karan hatsi. A duk waɗannan, abin da yaro ke koyo shi ne matsayin mutane: wa ke gaba, wa ke baya, wa ake gaisarwa, wa ake ba da farko.

Masana tarbiyya sun iso ga wannan gaskiya ta tasu hanya. Jean Piaget ya yi nazarinta a littafinsa na 1945 kan yadda alama ke tsira a zuciyar yaro. Kafin shi, a wata lacca ta 1933, masanin Rasha Lev Vygotski ya nuna cewa babu wasan kwaikwayon da ba shi da doka: yarinyar da ta zama uwa a wasa takan tilasta wa kanta halin uwa, ta danne son ranta don kada ta ɓata wasan. Su ma Sinawa suna da nasu wasan gida da yaransu ke yi, wanda suke kira guojiajia. Chen Heqin, wanda ya buɗe makarantar renon yara ta Gulou a birnin Nanjin a 1923, ya gina koyarwarsa a kan wasa da rayuwar yau da kullum. Dokar ƙasar Sin ta ilimin share fage, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yunin 2025, ta sanya wasa a matsayin ginshiƙin aikin waɗannan makarantu.

To, in haka ne, abin da yaro ya kwaikwaya da jikinsa ya fi zama a zuciyarsa fiye da abin da aka karanta masa. In an sa shi ya kwaikwayi gaskiya, gaskiya zai riƙe. In an sa shi ya kwaikwayi zanen ba'a, shi zai riƙe har girmansa, kuma zai riƙe shi da zuciya ɗaya domin malaminsa ne ya miƙa masa.

Abin da ake zubawa a kusurwar aji

A 1989 wata malama Ba'amurkiya, Louise Derman-Sparks, ta raɗa wa irin wannan koyarwa sunan da ya dace da ita: manhajar ƴan yawon buɗe ido. Aji yakan kai ziyara wata ƙasa na kwana biyu, ya ɗanɗani abinci, ya gwada tufafi, ya komo gida inda rayuwa ta gaske take. Darasin da yaro ke ɗauka a ɓoye shi ne cewa mutanensa su ne mutane, sauran kuwa kayan kallo ne.

A duba kayan kusurwar nan ɗaya bayan ɗaya. Biskit ɗin nan mai ƴar takardar duba a ciki, wanda ake rabawa a ajujuwan Amurka da sunan abincin Sinawa, a Kalifoniya ya yi suna, kuma tushensa na komawa ga Japanawa. Mafi yawan mutanen Sin ba su san shi a teburinsu ba. Rigar kimono da wasu ke sanya wa yara ta Japan ce. Rawar zaki, wadda mutum biyu ke yi cikin riga ɗaya, akan rikita ta da rawar lung, doguwar halittar nan da mutane da yawa ke ɗagawa bisa sanduna. Shi kansa lung akan nuna shi kamar dodon tatsuniyoyin Turai mai aman wuta, alhali a wurin Sinawa halitta ce ta ruwa da damina da albarka. Sannan babban bikin iyali na mutum fiye da biliyan ɗaya an mayar da shi gidan sayar da abinci, wato wurin da Bature ya saba haɗuwa da Basine yana yi masa hidima. Mafi muni shi ne inda ake barin yara su ja gefen idanunsu da yatsu, su riƙa fitar da sauti ta hanci da sunan harshen Sinanci, malami yana murmushi. Wanda ya kira wannan buɗe ido ga duniya bai san abin da ya shuka ba.

Abin da bikin yake a wurin masu shi

Bikin Bazara, kamar yadda Sinawa ke kiransa, bikin komawa gida ne. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma babu al'ummar da ke fassara wannan magana a aikace kamar Sinawa a wannan lokaci. Har kwana 40, 15 kafin bikin da 25 bayansa, jiragen ƙasa da motoci da jiragen sama sukan cika maƙil, a tafiyar da ake ɗauka mafi girman ƙaurar mutane ta shekara-shekara a duniya. Ƙasar na da ƴan ci-rani kusan miliyan 300 da suka bar ƙauyuka zuwa masana'antun birane. Wani rahoto na ƙungiyar matan ƙasar ya ƙiyasta a 2013 cewa yara kimanin miliyan 61 ne ke zaune a karkara alhali uwa ko uba, ko duka biyun, suna can wurin neman kuɗi. Ga da yawa daga cikin waɗannan yara, bikin shi ne lokaci ɗaya a shekara da suke ganin iyayensu. Yaron Tawa ko Madawa da ubansa ke ci-rani a Abijan ko Legas ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane wannan.

Kafin bikin akan share gida tas, a biya bashi, a manna jajayen takardu masu rubutun fatan alheri a gefen ƙofa. Daren jajibere iyali sukan zauna cin abinci tare. A arewacin ƙasar akan haɗu a naɗa ƴan ƙulle-ƙullen fulawa masu nama a ciki, a kudu kuwa wainar shinkafa mai danƙo ta fi yawa. Akan kawo kifi, a kuma bar saura da gangan, domin kalmar kifi da kalmar rara sautinsu ɗaya ne a Sinanci, ana fatan shekara ta ƙare da ragowa. Ranar farko ba a shara, don kada a share arziki. Yara sukan gaida kakanni da iyaye, su yi musu fatan lafiya da tsawon rai, sannan manya su miƙa musu jan ambulan mai kuɗi a ciki, su karɓa da hannu biyu. Gaisuwa ce ke gaba, kyauta na biye, kamar dai yadda barka da salla take. Tatsuniya ta ce wani dodo mai suna Nian ne ke zuwa ƙarshen shekara, kuma yana tsoron jan launi da wuta da ƙara. Daga nan aka samo bayanin jar takarda da wasan wuta. Ranar 15 ga wata, da bikin fitilu, ake rufewa.

Bikin nan ma ya sha wuya kafin ya kawo yau. A 1967, cikin guguwar Juyin Al'adu, hukuma ta soke hutunsa, ba a maido da shi ba sai 1980. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta shigar da shi cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam. Ba kuma shi kaɗai ne ba. Akwai Qingming, farkon Afrilu, ranar da ake zuwa share kaburburan iyaye. Akwai bikin ranar biyar ga watan biyar, da ake tseren kwale-kwale da cin shinkafa naɗaɗɗiya cikin ganyen gora, don tunawa da mawaƙi Qu Yuan wanda ya faɗa kogin Miluo a shekara ta 278 kafin haihuwar Annabi Isa. Akwai bikin tsakiyar kaka, ranar 15 ga watan takwas, da iyali ke zama kallon cikakken wata suna raba waina mai siffarsa. Waɗannan uku sun zama ranakun hutu na hukuma tun 2008. Duk wanda ya dube su zai ga zare ɗaya ya ratsa su: iyaye, kakanni, matattu, da teburin da ya tara kowa. Wannan zaren ne kusurwar jar takarda ke yarwa, ta riƙe kwali.

Laifi tudu ne

Kada a zaci cutar nan ta Turawa ce kaɗai. A Fabrairun 2018, a shagalin daren sabuwar shekara da gidan talabijin na ƙasar Sin ke watsawa ga ɗaruruwan miliyoyin masu kallo, an nuna wani ɗan wasa kan layin dogon da Sinawa suka gina a Kenya. Wata ƴar wasa Basiniya ta shafa baƙi a fuska, aka cusa mata ƙaton ɗuwawu, ta ɗauko kwandon ƴaƴan itace a ka, da sunan ita ce uwar Afirka. Masu shirin sun ɗauka yabo suke yi. Ƴan Afirka da suka gani sun ji zafi, kuma suna da gaskiya.

Zafin nan shi ne ma'auni. Malamin da ke son sanin ko wasan da ya shirya ya dace, sai ya juya shi. A ce wani aji a Shangai ya shirya wasan sallar Hausawa: rawanin takarda, ganga, baƙin gawayi a fuska, tsalle-tsalle, babu idi, babu gaisuwar iyaye, babu rabon nama ga maƙwabci. Babu malamin Hausa da zai ce an girmama shi. Laifi tudu ne, in ji masu magana, mutum ya taka nasa ya hango na wani. Wanda bai yarda a yi masa ba, bai kamata ya koya wa yaran ajinsa yi wa wasu ba.

Amsa ga masu cewa a rufe ƙofa

Masu son a hana abin gaba ɗaya suna da hujja biyu, kuma kowace ta cancanci amsa ta mutunci. Ta farko ta addini ce: bukukuwan Sinawa na ƙunshe da ƙona turare ga kakanni da girmama allolin ƙofa da na murhu, kuma bai dace ɗan Musulmi ya kwaikwayi wannan ba. Wannan gaskiya ne, kuma babu malamin kirki da zai sa yara su yi. Dalilin ma biyu ne, domin bayan kare aƙidar yaron akwai kuma mutunta masu abin: ibadar wasu ba kayan wasa ba ce, kamar yadda Musulmi ba zai so a mayar da sujada abin nishaɗi a wani aji na Turai ba. Amma share gida, da tarbar ɗan da ya dawo daga tafiya, da gaida kaka, da cin abinci tare, babu aƙidar da suke rushewa. Kuma ya kamata a tuna Sin ƙasa ce mai ƙabilu 56, goma daga cikinsu Musulmi ne, da tsofaffin masallatai irin na birnin Xi'an da na unguwar Niujie a Bejin. Yaron da ya ji cewa akwai Sinawa masu azumi da salla ya koyi abin da manya da yawa ba su sani ba.

Hujja ta biyu ita ce a fara da na gida. Ita ma tana da ƙarfi, kuma wani malamin Sin ne ma ya riga kowa faɗinta. A 1926 Tao Xingzhi ya soki makarantun renon yara na ƙasarsa da cututtuka uku: kwaikwayon ƙasashen waje, cin kuɗi, da zama na ƴaƴan masu hali kaɗai. Shekara ɗaya bayan haka ya sa aka buɗe irin wannan makaranta a karkara, kusa da Nanjin. Ajin da yaransa ba su taɓa yin wasan ranar salla ko cika-ciki ko bikin suna da harshensu ba, ba shi da hurumin tsallakawa Bejin. Sai dai wannan hujja ce ta jerin abin da za a fara da abin da zai biyo, ba ta hani ba. Mai cewa a rufe ƙofa ya bar jaki yana dukan taiki.

Ƙofar ma ba ta rufuwa. Nijar da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1974, ta yanke a 1992, aka maido da ita a 1996. Filin wasa na Seyni Kountché da gada ta biyu ta Yamai aikin Sinawa ne. Matatar mai da ke arewa da Damagaram ta fara aiki a 2011. Rediyon Sin na magana da Hausa tun 1963. Fitilar hannu da wayar salula da babur ɗin da ke ƙofar gida, mafi yawansu daga can suka fito. Yara suna ganin Sinawa a hanya, kuma da yawa sun riga sun iya bin su da ihun “Shinuwa!” da kwaikwayon magana ta hanci. In makaranta ta yi shiru, titi ne zai ci gaba da koyarwa. Kuma mutanen da za a yi ciniki da su, a sa hannu a yarjejeniya da su, a yi jayayya da su kan albashi da farashin mai, gara a san su a matsayin mutane masu iyaye da bashi da kewar gida. Sanin mutum ba miƙa wuya gare shi ba ne.

Abin da ya rage ga malamai

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi. Yana buƙatar malami ya yi karatu kafin ya yanka takarda. Kusurwar ta zama gida, kada ta zama gidan abinci. A jera kujeru su zama jirgin ƙasa, wasu yara su zama iyayen da ke dawowa daga birni da tsaraba, wasu su zama kakanni da ƙananan da ke jira a ƙofa. A share ɗaki tare, a naɗa ƙulle-ƙullen yumɓu tare, a zauna, a bar sauran kifin kwali a kwano, malami ya faɗi dalili. Yaro ya gaida kakarsa ta wasa kafin ya karɓi ambulan da hannu biyu. A koya musu kalma biyu ko uku na Sinanci na gaske, a faɗe su daidai gwargwadon iko, a kuma hana sautin ba'a nan take kamar yadda ake hana zagi. Kada a taɓa ido, kada a taɓa launin fata. Inda akwai Basine a gari, likita ko injiniya ko ɗan kasuwa, ko ɗalibin Nijar da ya yi karatu a can, a gayyace shi ya faɗi yadda ake yi a gidan da ya sani, domin na Kanton ba irin na Bejin ba ne, kamar yadda sallar Agadas ba irin ta Katsina ba ce.

Bayan wasa a zauna a yi magana da harshen da yara suka fi ji. A tambaye su: a gidanku wa ke dawowa da salla? Wa ake fara gaisarwa? Me ake dafawa? Me ya yi kama, me ya bambanta? A nan ne darasin yake, domin yaro zai ga nasa da sabon ido ta hanyar kallon na wani. Kuma kada Sin ta shiga kwali bayan mako ɗaya. Ta sake fitowa a tatsuniya, a taswira, a lissafin wata, lokacin da ake duban jinjirin watan azumi a tuna cewa akwai wasu mutane da su ma wata ne ke faɗa musu ranar bikinsu.

Ƙungiyoyin al'adu da masu tsara manhaja suna da nasu kaso. Su ne za su rubuta ƴan littattafan jagora da Hausa da sauran harsunan ƙasa, don kada malamin ƙauye ya dogara da abin da aka shirya wa ajin Landan ko Liyon, da kurakuransa duka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi. Yaron da ya zama kakan Basine na rabin awa, ya tsaya a ƙofar kwali yana jiran ɗansa ya sauko daga jirgi, da wuya gobe ya bi baƙo a titi da ihu.